Ina da waya da naira 200,000: ta wace hanya zan samu kuɗin shiga a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kammala hidimar ƙasa watanni uku da suka wuce, kuma har yanzu ban samu aiki ba. Ina zaune a Zariya, ina da wayar Android mai kyau da naira 200,000 da na tara daga alawus. Abokaina kowa da abin da yake gaya mini: wani ya ce in buɗe tashar YouTube, wani ya ce in shiga mainin, wato danna waya don tara kuɗin intanet na kirifto, wani kuma ya nuna mini manhajar da ake zuba kuɗi su ninka cikin wata guda. Ina roƙon a yi mini bayanin hanyoyin da ake samun kuɗi na halal a intanet, da wadda ta fi dacewa da mai hali irin nawa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, Allah ya sa albarka a karatun da ka yi, kuma na ji daɗin yadda ka tsaya ka yi tambaya kafin ka taɓa kuɗin nan, domin mafi yawan masu zuwa wurina da irin wannan magana sai bayan kuɗin sun tafi suke zuwa.

Zan fara ba ka ma'auni guda ɗaya, wanda shekarun da na yi ina sayar da kaya ta waya da kuma koya wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi suka tabbatar mini da ingancinsa. Ita intanet ba ta da aljihu. Duk nairar da ta shigo asusunka daga aljihun wani mutum ta fito, kuma mutumin nan ba zai rabu da ita ba sai don wani abu da ya karɓa a madadinta. Ko dai ya sayi haja a hannunka, ko ka yi masa wani aiki da ƙwarewarka, ko kuma yana da abin sayarwa yana so ka nuna wa jama'ar da suke saurarenka. Saboda haka duk wanda ya zo maka da wata hanya, ka tambaye shi abu biyu: wane ne zai biya ni, kuma me zan ba shi? Idan ya kasa amsawa a sarari, ya koma yi maka dogon bayani mai cike da kalmomin da shi kansa bai fahimta ba, to ka sani kuɗin da ake maganar rabawa naka ne da na ire-irenka.

Da wannan ma'auni za mu fara auna manhajar da abokinka ya nuna maka, tunda ita ce kaɗai a cikin shawarwarin da aka ba ka take iya cinye jarinka a dare ɗaya. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 2016 tsarin MMM ya yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a kowane wata, jama'a suka yi ta tururuwa, ma'aikata da ɗalibai da matan aure, sai a watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane aka hana su cire kuɗinsu. A watan Afrilu na 2025 kuma CBEX, wadda ta riƙa alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan cinikin kirifto, ta rushe da dukiyar mutane masu yawa, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Yadda irin wannan tsari yake aiki ba ya canzawa, suna da launin manhajar ne kawai suke canzawa. Babu wani ciniki da ake yi a bayan fage. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ɗauka a biya wanda ya shigo jiya, shi ya sa ake matsa wa kowa ya kawo mutane. Abin da ya fi rikita mutane shi ne biyan farko na gaskiya ne. Abokinka ba ƙarya yake yi ba idan ya ce ya cire riba sau biyu, amma wannan ribar ita ce abincin da aka maƙala a ƙugiya, domin ita za ta sa ya mayar da abin da ya cire, ya ƙara da na aro, ya kuma jawo ka. Ranar da masu cirewa suka fi masu shigowa yawa, ranar shafin yake daina buɗuwa. Ka kuma sani cewa dokar zuba jari da hada-hadar hannayen jari da aka sanya wa hannu a 2025 ta tanadi hukunci mai tsanani, har da ɗaurin shekara 10, ga masu gudanar da irin wannan tsari, don haka mai tallata shi ga 'yan'uwa da abokai yana jefa kansa cikin haɗari biyu, na asara da na shari'a, ban da zumuncin da zai lalace. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma babu wani cinikin halal da zai lamunce maka riba tabbatacciya ba tare da yiwuwar faɗuwa ba.

Batun mainin ba zan tsawaita a kansa ba. Bayan wasu sun samu wani abu a wasan waya na Notcoin a watan Mayu na 2024, sai matasanmu suka duƙufa kan danna fuskar waya dare da rana, musamman a Hamster Kombat, amma da aka yi rabon a watan Satumba na wannan shekarar, da yawa suka tarar abin da suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba, balle watannin da suka ɓata. Wannan sa'a ce, wani ya dace wasu dubbai su tashi a tutar babu, kuma mutumin da yake neman abin da zai riƙe kansa da shi ba ya gina rayuwarsa a kan sa'a.

Yanzu mu zo ga hanyar da na fi ba ka shawara a kanta, wato sayar da haja. Mutane suna raina ta saboda ba ta da ƙyalli, amma ita ce na ga ta fi fitar da matasa da matan aure daga zaman jira. Asalinta fatauci ne irin na kakanninmu, waɗanda suke ɗaukar kanwa da tufafi da fatu su nufi Gwanja su dawo da goro. Ribar tana cikin tazarar da ke tsakanin inda kaya suke da araha da inda ake muradinsu. Abin da waya ta canza shi ne ta rage maka tafiyar da kuɗin rumfa, ta sa mai saye a Legas ko Fatakwal ya ga hajarka yana zaune a ɗakinsa. Kai kuma Allah ya ajiye ka a wuri mai kyau. Cikin birnin Zariya an san shi da ɗinkin manyan riguna da aikin hannu tun kaka da kakanni, Kano tana kusa da kai da Kantin Kwari na yadi da shadda da atamfa, da Ƙofar Wambai, da Singa ta kayan masarufi, sannan ga dubban ɗalibai a Samaru da Kongo waɗanda kullum suna sayen wani abu ta waya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yan Arewa mazauna Abuja da Legas da kudu maso gabas, masu albashi, waɗanda suke son kilishi mai kyau da turaren wuta da hula zanna da babbar rigar Sallah, amma ba su da lokacin zuwa gida, kuma abin da ya fi damunsu shi ne samun wanda za su tura wa kuɗi hankalinsu kwance.

Ka zaɓi abu ɗaya tak ka fara da shi, wanda ka sani ko kake da wanda zai koya maka saninsa. Na sha ganin shafin da yau takalmi, gobe zuma, jibi fili, gata maganin basir, kuma mai irin wannan shafi ba ya zama a zuciyar kowa, domin idan mutum ya tashi sayen shadda wanda ya sani da shadda yake tunawa. Sanin kayan shi ne rabin jarinka. Idan huluna ka zaɓa, dole ka iya bambance aikin hannu da na inji, ka san lambobin kai, ka san wadda take zuba idan an wanke. Mai saye zai yi maka tambayoyi, kuma daga amsarka ta farko yake gane ko ɗan kasuwa ne a gabansa ko mai kwafo hoto.

Ba lallai ne ka sari kaya da yawa tun farko ba, hasali ma ina hana ka. Ka je wurin mai shago ko maɗinki, zuwa da kai ya fi saƙo, ka gabatar da kanka, ka ce kana so ka riƙa tallata masa kaya a waya, ya ba ka farashinsa na sari, kai kuma ka ɗora la'adarka ko ya riƙa ba ka kamasho a kan kowane ciniki. Yawancinsu za su yarda, domin ciniki ne ya ƙaru musu ba tare da sun kashe ko sisi ba. Sai dai akwai wata gaɓa ta addini da masu wannan harka suke tsallakewa, ni kuma ba zan tsallake ta ba. Ya tabbata a hadisin Hakim bin Hizam cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Don haka kada ka ɗauko hoton kayan da ba ka mallaka ba, ba ka kuma da wata yarjejeniya da mai su, ka ƙulla ciniki ka karɓi kuɗi a matsayin naka ne, sannan ka shiga kasuwa nema. Mafita tana da sauƙi: ko ka zama wakilin mai kayan da saninsa da yardarsa, wanda shi ne dillancin da aka sani, ko ka gaya wa mai saye cewa za ka duba ka tabbatar kafin a ƙulla, ko ka saya ya zama naka sannan ka sayar. Ka zauna da malamin da ka amince da shi ya warware maka siffar da za ka bi. Ko ta fuskar kasuwa ma wannan hani rahama ne, domin mafi yawan rigimar da nake sasantawa daga nan take tasowa: an karɓi kuɗi, an je kasuwa an tarar kayan sun ƙare ko sun tashi, sai a aika wa mutum wani abu daban.

Hoto shi ne rumfarka, saboda haka ka ba shi haƙƙinsa. Ka ɗauka da hasken rana a inuwa, da safe ko da la'asar, domin hasken ƙwan lantarki yana sauya launin yadi, shuɗi ya koma wani abu, mai saye ya buɗe leda ya ga ba abin da ya zaɓa ba. Ka haɗa da gajeren bidiyo kana juya kayan a hannunka, idan akwai aibi ka nuna shi. Kada ka yi amfani da manhajar ƙawata hoto a kan haja, wannan algus ne ko da ba a kira shi da sunansa ba. Sannan ka rubuta farashi a fili. Na san akwai masu ganin ɓoye farashi dabara ce ta jawo mutum ya yi magana, amma abin da na gani shi ne mai kuɗin saye da gaske ba ya son ɓata lokaci, idan bai ga farashi ba sai ya wuce, kuma ɓoyewar tana sa a yi zargin kowa da kuɗin da ake yanka masa.

Game da inda za ka baje kolin, WhatsApp Business ya ishe ka farawa, kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashinsu. Ka tuna abin da ka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma waɗanda kuka ajiye lambar juna ne kawai suke gani, haka ma saƙon bai-ɗaya ba ya wuce mutum 256 a jeri guda kuma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Ma'anar wannan ita ce WhatsApp wurin riƙe abokin ciniki ne, amma samo sabo sai a Facebook da Instagram da TikTok, ko a shafin saye da sayarwa na Jiji idan kayan irin su waya da kayan ɗaki ne. Manyan kasuwanni kamar Jumia da Konga, waɗanda dukkansu suka fara a Legas a 2012, suna cire kamashonsu kuma suna da sharuɗɗan kai kaya da mayarwa, don haka ka bar su sai ƙafarka ta yi ƙarfi.

Inda na fi so ka buɗe kunne shi ne lissafi, domin a nan ne kasuwancin waya yake mutuwa ba tare da mai shi ya ankara ba. Bari in ba ka misali. Ka sayi yadi a kan naira 30,000, ka sayar 36,000, zuciyarka ta gaya maka ka ci 6,000. Amma ka shiga mota zuwa Kano ka dawo, ka hau Keke zuwa tasha, ka sayi leda da salatif, ka ƙona data wajen hira da mutum goma kafin ɗaya ya saya, ka biya kuɗin caji, banki ya cire nasa. Idan yadi biyu kawai ka sayar a wannan zuwan, wataƙila da kuɗin aljihunka ka yi wa mutane hidima. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso a kowane ciniki, sannan a watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Saboda haka ka tara oda ka yi zuwa ɗaya, ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowace naira da ta shiga da wadda ta fita a ranar da abin ya faru, kuma ka buɗe asusu daban na kasuwanci wanda ba ka sayen katin waya ko abincin dare daga cikinsa. Ka yanka wa kanka ɗan abin da za ka riƙa ɗauka a ƙarshen wata, sauran na kasuwa ne. Wani darasin kuma da faɗuwar naira ta koya mana, lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, shi ne kada ka sa farashi bisa yadda ka saya kawai, ka duba nawa za ka sake sayo irinsa yau. Mutane da yawa sun sayar da kaya da riba a takarda, suka koma kasuwa suka tarar uwar kuɗin da ribar gaba ɗaya ba za su sayo rabin abin da suka sayar ba.

Karɓar kuɗi ya yi sauƙi yanzu, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 da ya tilasta wa kowa koyon tiransifa, ga kuma Opay da Moniepoint da PalmPay a hannun kusan kowa. Sauƙin ya zo da nasa haɗarin. A farkon shigata harkar nan wani ya turo mini hoton shaidar biya, saƙon alat ma ya shigo wayata, na ɗauki shadda ta kuɗi masu yawa na kai tasha, sai da dare na buɗe asusuna na tarar ko kwabo bai shiga ba, lambarsa kuma a kashe. Tun daga ranar ba na sakin kaya sai na buɗe manhajar banki da kaina na ga kuɗin sun zauna, ko da mai sayen yana rantsuwa yana cewa motarsa za ta tashi. Kai ma ka riƙe wannan, kuma kada ka taɓa ba kowa lambar sirri da banki ya turo maka ko lambobin da WhatsApp yake turowa, domin da su ake ƙwace shafin ɗan kasuwa a riƙa karɓar kuɗi da sunansa. Idan za ka aika kaya ta tasha, ka ɗauki lambar direba da lambar mota, ka ɗauki hoton ƙunshin da sunan mai karɓa a jiki, ka tura masa nan take, kuma ku yi magana tun kafin biya a kan wanda zai ɗauki kuɗin aike da abin da za a yi idan kaya suka ɓace ko suka lalace. Kaya masu tsada kuwa gara ka bi ta kamfanin aike mai ba da rasit, ko da ya fi tsada.

Shi ma mai saye tsoronka yake ji, kuma yana da hujja, domin an sha cinye masa kuɗi. Abin da yake kashe wannan tsoro shi ne ka fito da fuskarka da sunanka, ka amsa kiran bidiyo ya ga kayan a hannunka, ka ɗora shaidar waɗanda suka karɓi kayansu bayan ka nemi izininsu, kuma idan kuskure daga gare ka ne ka karɓi kayan ka mayar da kuɗi ba tare da jayayya ba. Asarar ranar za ta yi maka ciwo, amma mutumin da aka mayar wa kuɗinsa yakan zama mai kawo maka danginsa da abokan aikinsa. Idan ciniki ya fara tafiya ka yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC, domin asusu mai sunan kasuwanci yana kwantar da hankalin baƙo fiye da asusun mutum. Idan kuma abinci ne na ƙunshi ko man shafawa za ka riƙa haɗawa da sunanka, to akwai rajistar NAFDAC a gabanka. Magungunan gargajiya da ake haɗawa ana tallatawa da alkawarin warkar da kowace cuta kuwa, ina roƙonka ka nisance su duk yawan ribarsu, domin lafiyar mutane ce. Bashi kuma, musamman na 'yan'uwa da abokai, shi ne kabarin ƙaramin jari. Ka koyi cewa a'a cikin ladabi tun ranar farko.

Hanya ta biyu ita ce sayar da ƙwarewa, kuma ina so ka riƙa gina ta a gefe tun yanzu, domin ita ba ta buƙatar jari mai yawa kuma ba a sace ta a tasha. Akwai shafuka irin su Fiverr da Upwork inda mutanen ƙasashen waje suke ɗaukar masu zane da rubutu da fassara da gina shafukan intanet, a biya da dala ta hanyar Payoneer ko asusun dala na banki, Fiverr tana cire kashi 20 cikin ɗari na kowane aiki. Gaskiyar da masu tallan kwasa-kwasai ba sa faɗa ita ce a can za ka yi gogayya da ƙwararru daga Indiya da Pakistan da Filifin, kana buƙatar kwamfuta da tsayayyar wuta da Turanci mai kyau, kuma sabon shiga yakan yi watanni kafin ya samu aikin farko. Inda kake da fifikon da ba su da shi shi ne harshenka. Ƙungiyoyin agaji da kamfanonin fasaha suna neman masu fassara tsakanin Turanci da Hausa, da masu mayar da magana rubutu, da masu naɗar murya da tantance rubutun da ake horar da na'urori da shi, amma wanda ya iya ƙa'idar rubutu suke nema, mai bambance ƙ da k, da ɗ da d, mai sanin inda ake raba kalma da inda ake haɗewa. Jin Hausa daban, iya rubuta ta daban, don haka ka koma ka gyara wannan. Kada kuma ka sayi asusun wani ko ka ɓoye ƙasarka don a ɗauke ka, ranar da aka gane za a rufe asusun da kuɗinka a ciki. Kasuwar da ta fi kusa da kai ma tana nan a PZ da Sabon Gari da Tudun Wada: masu shaguna da makarantu masu zaman kansu da gidajen abinci da suke son a riƙa kula musu da shafi, a zana musu talla da Canva, a gyara musu bidiyo da CapCut, duk kuma ana iya yin wannan da wayar da take hannunka. Shago uku da suke biyanka kowane wata sun fi maka jiran aikin dala da bai zo ba. Ka kuma sa ido kan shirin 3MTT na ma'aikatar sadarwa ta tarayya, wanda aka fara a 2023 don horar da matasa fasahar zamani kyauta.

Hanya ta uku ita ce ta tara masu kallo, wadda abokinka mai maganar YouTube yake nufi. Ana samu a cikinta, amma ita ce mafi jinkirin biya. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da kai a dogayen bidiyoyi sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan ya ba ka kashi 55 cikin ɗari na abin da tallan ya kawo, kuma ba a turo maka sai abin ya kai dala 100. Facebook ma ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla a 2024. Idan ka mayar da abin kan ma'auninmu za ka ga mai biya a nan shi ne mai talla, shi kuwa yana biya ne gwargwadon ƙarfin aljihun masu kallo, shi ya sa kallo dubu daga Najeriya ko Nijar ba ya kawo abin da kallo dubu daga Amurka ko Ingila yake kawowa, ko kusa. Ɗora finafinan Kannywood ko wa'azin malamai ko bidiyon wasu ba zai kai ka ko'ina ba, domin haƙƙin mallaka ne, kuma ana hana irin wannan tasha kuɗi ko a rufe ta. Waɗanda na ga suna cin moriyar mabiyansu da gaske ba da kuɗin YouTube suka dogara ba; 'yan kasuwar gida ne suke biyansu su tallata musu kaya, ko kuma su da kansu suna da abin sayarwa. Saboda haka idan za ka yi bidiyo, ka yi shi a kan hajarka: yadda ake gane shadda mai kyau, yadda ake wanke hula a ɗora ta a kan gwangwani, yadda maɗinki yake fitar da aska takwas a babbar riga. Mutum 500 masu sha'awar abin da kake sayarwa sun fi maka dubu ɗari da suka taru don kallon faɗa. Ina kuma jan kunnenka game da neman mabiya ta hanyar zagi da tonon silili da shigar banza, domin abin da ka ɗora yau yana nan ranar da za ka je neman aure ko aiki, kuma 'ya'yanka za su gani.

Akwai ƙananan rassa da suke bin waɗannan hanyoyi. Marubutanmu, musamman mata, sun daɗe suna sayar da labaransu ta rukunonin WhatsApp da manhajojin karatu, wasu kuma suna sayar da darussa da littattafan waya ta shafin Selar, matsalarsu babba ita ce masu yaɗa abin da suka saya kyauta. Sayar da data yana kawo ɗan abin sawa a baki, amma ribar siririya ce kuma masu yi sun yi yawa. Tallata kayan wani don kamasho halal ne idan kayan na gaske ne, sai dai ka guji irin wanda za a ce ka sayi kwas, abin da kwas ɗin yake koyarwa kuma shi ne yadda za ka sayar wa wani kwas ɗin. Sarin kaya daga Sin ta shafukan Alibaba ko 1688 kuwa sai ka san kasuwarka sosai, domin canjin kuɗi da kuɗin jirgi da jinkirin isowa suna iya haɗiye jari irin naka a oda guda. Batun haraji ma ka san da shi: a sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba a cire musu haraji, amma abin da ya haura yana da hukuncinsa, kuma littafin lissafinka ne zai tsaya maka.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi da kuɗin nan. Zan ajiye naira 120,000 a asusun da ba na taɓawa har tsawon wata uku, domin kuskuren farko dole ne, kuma gara ya same ka a kan ƙaramin kuɗi. Zan ware 50,000 in sayi samfuri kaɗan na abu ɗaya da na zaɓa, waɗanda zan riƙa ɗauka hoto ina nuna wa mutane a hannu, sauran 30,000 kuma su tafi a data da kuɗin mota da kayan ƙunshi. A makon farko zan shiga cikin birni in zauna da maɗinka uku, ko in tafi Kwari in yi magana da masu shago uku, in ji farashinsu da sharaɗinsu, in zaɓi wanda ya fi gaskiya ko da wani ya fi shi araha. Da safe zan yi harkar kaya, da dare in ba koyon zane da gyaran bidiyo da ƙa'idar rubutun Hausa awa biyu. Idan wata uku suka cika sai ka buɗe littafinka ka duba abu uku: mutum nawa suka saya, nawa ne daga cikinsu suka dawo ko suka turo wani, kuma me ya rage bayan an cire kowane kashe-kashe. Idan masu dawowa suna ƙaruwa, ka ɗebo 60,000 daga ajiyar ka ƙara kaya; idan kuwa ba ka ga mai dawowa ba, ka kira mutum biyar daga cikin waɗanda suka saya ka tambaye su abin da bai yi musu ba, ka gyara ko ka sauya haja, ajiyarka tana nan ba ta taɓu ba. A lokacin ka sake rubuto mini da alƙaluman da ke cikin littafin, in sha Allahu sai mu duba su tare.